Akwatin katunan lokutan aikatau na Turanci, bayan wata huɗu ina amfani da shi

Jimla ɗaya ce ta sa na sayi akwatin nan, jimlar da na rubuta a takardar majiyyaci da asuba bayan na kwana aiki. Wani dattijo aka kwantar mana, tun tsakar dare yake amai, har lokacin da zan miƙa aiki bai daina ba. Na rubuta “He was vomiting.” Likitan da ya zo zagayen safe ya karanta, ya ɗauka abin ya wuce, ya nufi gado na gaba. Allah ya sa ban riga na tafi ba. Na bi shi na ce, “Likita, baban nan fa har yanzu yana amai.” Ya dawo ya sake duba takardar, ya ce, “To ai Sista, abin da kika rubuta yana nuna a baya ne aka yi. In har yanzu bai daina ba, ‘has been vomiting’ za ki sa.” Cikin mutunci ya faɗa, kuma dattijon ya samu magani a kan lokaci. Amma na koma gida abin yana cina a rai. Shekara tara ina aikin jinya, kullum da Turanci nake rubuta rahoto, ashe akwai inda alƙalamina yake faɗin abin da ban nufa ba, kuma a kan lafiyar mutum.

Ga kuma jarrabawar IELTS, ta gwada iya Turanci, da nake shirin zaunawa. Ɓangaren rubutunta awa ɗaya ne cur, rubutu na farko aƙalla kalma 150, na biyu aƙalla 250, kuma daidaiton nahawu ɗaya ne daga cikin ma'aunai huɗu da ake ba da maki a kansu. Na ga dai ba zan ci gaba da canki-canki ba.

Irin waɗannan katuna sun cika intanet, kamfanoni daban-daban ke buga su, amma kusan duk zubinsu ɗaya, don haka abin da zan faɗa a kan nawa zai shafi yawancinsu. Akwati ne na kwali mai kauri, an raba cikinsa gida biyar. Abu uku ne a ciki: manyan katuna goma sha biyu, kowane lokaci da katinsa; ƙananan katuna 150 na aikatau waɗanda ba sa bin ƙa'idar ƙara “ed”; sai babban jadawali na mannawa a bango. Ja ne launin shuɗaɗɗen lokaci, kore na lokacin yanzu, rawaya na lokaci mai zuwa. A fuskar babban kati akwai yadda ake gina jimlar, a bayansa kuma an ja layi mai nuna tafiyar lokaci, da jimloli uku na misali. An lulluɓe su da leda, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin a aljihun rigar aiki nake yawo da su, in na tashi in goge su da sifirit. Wata huɗu ke nan, rubutun bai goge ba, kusurwa biyu ce kawai ta fara ɗagowa.

Ƙananan katunan su ne suka fi yi mini amfani, kuma ban yi tsammanin haka ba. Gidaje biyar ɗin nan ba ado ba ne. Tsari ne da wani ɗan jaridar Jamus mai rubutu kan kimiyya, Sebastian Leitner, ya fito da shi a farkon shekarun 1970. Duk kati a gida na ɗaya yake farawa. In ka amsa daidai ya matsa gida na biyu, in ka kuskure ya koma na ɗaya ko da ya kai na huɗu. Gida na ɗaya kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana biyu ko uku, a haka tazarar take ƙaruwa. Tushen dabarar ya girmi Leitner: tun 1885 wani masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu jim kaɗan bayan an koyi abu, daga nan sai ta rage sauri. To tsarin yana dawo maka da kalma ne daidai lokacin da take shirin suɓuce maka, wadda ka riƙe kuma ba ta cinye maka lokaci.

Da wannan na gano inda raunina yake. Katuna kamar “go, went, gone” da “take, took, taken” cikin mako biyu suka haye gida na biyar. Amma akwai waɗanda suka ƙi barin gida na ɗaya, kuma abin da ya ɗaga mini hankali shi ne duk kalmomin aikina ne. “Fall, fell, fallen” da “feel, felt, felt” sun daɗe suna rikita ni. Faɗuwa daban, jin abu a jiki daban, harafi ɗaya ne tsakanin “fell” da “felt”, kuma a takardar majiyyaci faɗuwa babbar magana ce da ake cike mata takarda ta musamman. Sai “lie, lay, lain”, wato mutum ya kwanta, da “lay, laid, laid”, wato a kwantar da wani ko a ajiye abu. Shuɗaɗɗen na farkon shi ne siffar yanzu ta na biyun, kuma su kansu masu harshen suna cakuɗa su. Akwai “bleed, bled, bled” da “swell, swelled, swollen”. A ƙasan wasu katunan an ɗan sa bayani da ƙananan haruffa, ni kuwa ina son irin wannan. A nan na ga cewa “went” asalinta ba 'yar gidan “go” ba ce, daga wani tsohon aikatau “wend” aka aro ta har ta zauna. Na ga kuma “be” ita kaɗai tana da siffa takwas, alhali aikatau mai bin ƙa'ida kamar “walk” huɗu gare shi. Abin da babu shi ne lafazi. “Read” ta yanzu da “read” ta jiya rubutunsu ɗaya, furucinsu daban, katin bai ce komai ba. Haka “ed” ɗin nan da ake furtawa iri uku, kamar a “walked” da “played” da “wanted”. Mai shirin ɓangaren magana na jarrabawa sai ya nemi wannan a wani wuri.

Manyan katunan su ne abin da na sayi akwatin dominsu, kuma a kansu nake da magana.

Goma sha biyun nan lissafi ne: lokaci uku, kowanne da yanayi huɗu, wato tsantsa, da mai ci, da kammalalle, da kammalalle mai ci. A jadawali abin yana da kyan gani, layi uku a tsaye, huɗu a kwance, kowane gida daidai da ɗan'uwansa. Matsalar ita ce harshen ba haka yake ba. In aka bi ta canjin siffar aikatau kansa, lokaci biyu kaɗai Turanci yake da shi, na yanzu da shuɗaɗɗe, “walk” da “walked”. Duk sauran da kalmomin tallafi ake gina su, su “have” da “be” da “will”. Kuma ba nauyinsu ɗaya ba a wajen amfani. Lokacin yanzu tsantsa da shuɗaɗɗe tsantsa su suka ɗauke mafi yawan abin da ake faɗa da abin da ake rubutawa. Amma akwatin ya ba “will have been working” kati mai girma ɗaya da na “worked”. Wata huɗu ina lura da rahotannina da na abokan aikina, ban ga inda aka buƙaci wancan ko sau ɗaya ba. Wanda ya fara koyo zai ɗauka dole ya raba ƙarfinsa gida goma sha biyu daidai wa daida, ya ɓata makonni a kan abin da ba zai taɓa rubutawa ba.

Babban gibin kuwa shi ne wannan: katunan suna koya maka yadda ake gina kowane lokaci, ba sa koya maka yadda ake zaɓa tsakanin biyu. Ni ban taɓa kasa gina “has been vomiting” ba. Na san “has”, na san “been”, na san “ing”. Abin da ban sani ba shi ne cewa ita ce ta dace da wancan dattijon a wancan asubar. Katin “was vomiting” ja ne, katin “has been vomiting” kore ne, kowanne yana can gidansa, babu inda aka ajiye su gefe da gefe aka ce ga bambancin.

Na daɗe ina tunanin me ya sa zaɓin nan yake mana wuya, mu da Hausa ce a bakinmu, sai na koma na saurari yadda nake magana. Ina cewa, “Jiya da ya shigo ina aiki.” Ina cewa, “Yanzu ina aiki.” Ina cewa, “Gobe war haka ina aiki.” “Ina aiki” ba ta motsa ba, jiya da yanzu da gobe su suka ɗauki nauyin nuna lokaci. Turanci kuwa sai ya canja sau uku: “was working”, “am working”, “will be working”. Ɗauki “na gama” ma. Na gama jiya. Ga shi, na gama. Kafin ya iso na gama. Gobe kafin ka iso na gama. Kalma biyu ne ba su sauya ba, amma a Turanci huɗu ne: “finished”, “have finished”, “had finished”, “will have finished”. A makaranta an ce mana “na gama” shuɗaɗɗen lokaci ne, amma ga shi tana aiki har a goben da ba ta zo ba. Abin da Hausa ta fi kula da shi shi ne ko aikin ya kammala ko yana ci. Turanci yana kula da wannan, sannan ya ƙara tilasta maka ka faɗi inda aikin yake in an auna shi da lokacin da kake magana. Tambaya biyu yake yi a kowace jimla, mu kuwa ɗaya muka saba amsawa a jikin aikatau.

Daga nan kurakuraina suka fara bayyana mini ɗaya bayan ɗaya. “Tun ranar Litinin yake tari” ita ce ke fitowa a rubutuna a matsayin “He is coughing since Monday”, alhali abin da ya fara a baya ya kawo yanzu “has been coughing” yake so. “Ina da” ita ke zama “I am having”, “ina so” ta zama “I am wanting”, domin a Hausa siffar mai ci gare su, a Turanci kuwa aikatau masu nuna hali ko mallaka, kamar “know” da “want” da “belong”, ba kasafai suke karɓar “ing” ba. Katin yanzu mai ci bai ambaci wannan ba ko da layi ɗaya, kuma a ganina wannan sakaci ne, domin ba masu Hausa kaɗai ke faɗawa ramin nan ba.

Ba duka ne Hausa ke kawo cikas ba, wani wurin ita ce ma ta cece ni. Katin kore na “have” ya kawo “has gone” da “has been” a misalai ba tare da bayani ba. Ina duba su sai na ga ai “ta tafi” da “ta je” ne. “She has gone to the lab”, ta tafi, tana can. “She has been to the lab”, ta je, ta dawo. Haka “ever” da “never” a wannan lokacin, ai “taɓa” ce tamu. “An taɓa yi maka tiyata?” ita ce “Have you ever had surgery?” Da na gane wannan ban ƙara kuskurensu ba.

Wanda ya warware mini sauran ƙanena ne, shi Turanci ya karanta a jami'a. Ya zo ya tarar na baje katunan a ƙasa, ya ɗauki na “had finished” ya juya bayansa, ya ce, “Yaya, layin nan da suka ja ɗigo biyu ne kawai a kansa, shi ya sa ba ya fita. Uku ya kamata.” Ya karɓi biro ya nuna mini abin da ya ce wani masanin falsafa Bajamushe, Hans Reichenbach, ya tsara a 1947. Akwai lokacin da ake maganar. Akwai lokacin da abin ya faru. Akwai kuma lokacin da mai magana ya tsaya yana hango abin. A “The doctor saw him at six”, a ƙarfe shida ka tsaya, can abin ya faru, yanzu ba ta cikin lissafi. A “The doctor has seen him”, abin ya faru a baya amma a yanzu ka tsaya, abin da ya dame ka shi ne sakamakon: an gan shi, ba sai an sake kiran likita ba. A “He had taken the drug before he arrived”, a lokacin isowarsa ka tsaya, shan maganin kuma yana bayan wannan. Minti goma bai cika ba na fahimci abin da katuna uku suka kasa gaya mini a wata guda. A nan ne kuma na gane dalilin da ya sa ba a cewa “has seen him yesterday”. Ba zai yiwu ka tsaya a yanzu ka kuma tsaya a jiya cikin numfashi ɗaya ba. Katin ya kawo dokar, ya ce kada a haɗa “have” da lokacin da ya riga ya ƙare, amma dokar da ba a san dalilinta ba ita ce take fara gudu ranar jarrabawa.

A gefen kowane babban kati akwai jerin kalmomin da suka kira alamu: in ka ga “yesterday” ko “ago” ka sa shuɗaɗɗe, in ka ga “already” ko “yet” ko “just” ka sa “have”. Na amfana da wannan a makonnin farko, musamman bambancin “since” da “for”, cewa ta farko mafarin lokaci take bi, ta biyu tsawonsa. Amma an rubuta jerin kamar doka ce ba ta da togaciya. Mutumin Birtaniya zai fi cewa “I have just arrived”, Ba'amurke kuwa “I just arrived” ba ta da aibu a bakinsa. Haka “got” da “gotten”, da “learnt” da “learned”. Akwatin salon Birtaniya ya bi, kuma ba laifi ba ne, laifin shi ne bai faɗa ba. Mai koyo zai ji ɗayan salon a rediyo ko a bidiyo ya ɗauka kuskure ne, ko ya fara shakkar abin da ya koya.

Katunan rawaya su ne mafi rauni. Duk huɗun a kan “will” aka gina su, kamar ita kaɗai ce hanyar maganar gaba. “Going to” layi ɗaya ta samu a ƙasan kati. Ita “will” ɗin ma asalin ma'anarta so ne ko nufi, shi ya sa har yau take ɗauke da ƙanshin alkawari da yanke shawara nan take. “Going to” kuwa ta niyyar da aka riga aka ƙulla ce, ko abin da alamarsa ta bayyana. Abin ya burge ni da na lura cewa “za” tamu ma daga tafiya ta fito, kamar a “za ni ofis”, hanya ɗaya harsunan biyu suka bi. Ba a kawo “I am seeing the doctor tomorrow” ba, ta abin da aka tsayar da lokacinsa, ba a kawo “The clinic opens at eight” ba, ta abin da yake kan jadawali. Kuma ba a faɗi cewa bayan “when” da “if” da “until” siffar yanzu ake sawa ko da gaba ake nufi ba. “Call me when he wakes up” ake cewa, ba a sa “will” a wurin. Wannan jimla ce da nake rubutawa kusan kowane dare.

Babu kati ko ɗaya na jimlar da ba a ambaci mai aikin ba, irin su “was admitted” da “has been discharged”, kuma rabin rahoton asibiti da su ake yi. Babu na kawo maganar wani, inda “I feel dizzy” take komawa “He said he felt dizzy”. Na san za a ce akwatin na lokuta ne kawai, amma a nan lokutan suke haɗuwa da rubutu na gaske.

Jadawalin bango na manna shi mako uku na cire. Rubutunsa ƙanana ne, sai ka matso, kuma maimaicin katunan ne.

Wanda yake fama da siffofin aikatau, yana tsayawa ya yi tunani kafin ya tuna “written” ko “brought”, ya saya, ƙananan katunan kaɗai sun isa dalili, in dai zai bi tsarin gidaje biyar ɗin da gaske, minti goma kullum. Ɗalibin da yake son ganin tsarin gaba ɗaya a wuri guda shi ma zai ji daɗinsa. Amma wanda yake kamar ni, ya iya ginawa, zaɓi ne matsalarsa, kada ya sa ran akwatin zai raba masa gardama shi kaɗai. Sai ya haɗa da mutumin da zai duba rubutunsa ya tambaye shi me yake nufi, ko aƙalla ya riƙa ɗaukar katuna biyu biyu yana rubuta jimla ɗaya da kowanne, yana tambayar kansa me ya canja.

Ni abin da na yi, na yanki kwali daidai girman manyan katunan na ƙara na goma sha uku. Na ja layi na sa ɗigo uku kamar yadda ƙanena ya nuna mini, na rubuta jimla huɗu a ƙasa, kowace da fassararta. “He vomited at two”, ya yi amai ƙarfe biyu. “He was vomiting when I came in”, ina shigowa na tarar yana yi. “He has vomited twice”, zuwa yanzu sau biyu ke nan. “He has been vomiting since midnight”, tun tsakar dare yake yi, bai daina ba. Shi ne a saman sauran a aljihuna, kuma da yake ba shi da leda, sau biyu ke nan ina sake rubuta shi.